Feda ta Biyar

Durant, Oklahoma
7 ga Maris, 1988

Zuwa ga Uwargida Nelda Mabry,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya. Ni ne Doyle Haskew, wanda ya sayi jita mai feda da kika sa tallarta a jarida. Ranar da na zo Brownwood ban same ki ba, maƙwabcinki ne ya buɗe mini gareji muka ɗora akwatin a mota, shi ya sa ban yi miki ta'aziyya ba. Allah ya ji ƙan Mista Verlon, ya ba ki haƙurin rashi. Sau ɗaya na taɓa ganin sa yana kiɗa a wani gidan rawa, shekara ashirin da biyar ke nan. Tun daga ranar nake son wannan abu, ban samu ba sai yanzu da na haura hamsin.

Da na iso gida na kife ta a kan bargo a falo, na ɗaura mata ƙafafunta huɗu, na rataya fedojinta biyar, na juya ta na zauna. Matata Glenna ta ce na fi awa ina shafa ta ban kaɗa komai ba. Da na fara kuwa sai na rasa gane kanta. Gyaran tarakta nake yi shekara talatin, ƙarfe ba ya ba ni tsoro, amma wannan ta sha mini kai. Littafin koyo da na saya ya ce idan na taka feda ta farko, tsirkiya ta biyar za ta hau. Na taka, sai wata can daban ta sauka. Libobin da ake turawa da gwiwa, kowa biyu yake sa wa a hagu biyu a dama. Ita duk huɗun a dama suke cunkushe, hagu ba ko ɗaya. Na leƙa cikinta, na ƙirga sandunan da ke jan tsirkiyoyi ashirin da uku, babu wanda yake inda littafi ya ce.

Roƙona shi ne ki duba cikin kayan marigayi, ko ya bar takardar da ya rubuta tsarinsa. Kowane makaɗi yana ajiye irin ta. Idan babu damuwa ki aiko mini, ko ki ba ni lambar waya in kira.

Na gode ƙwarai. Ki huta lafiya.

Mai girmama ki,
Doyle Haskew

Brownwood, Texas
15 ga Maris

Mista Haskew,

Na ga takardarka, na gode da gaisuwa. Ta'aziyyar kuwa ka riƙe abarka tukuna. Verlon yana nan da ransa, jiya ma ya cinye kwanon wake da burodin masara har ya nemi ƙari. Yana gidan tsofaffi da ke bayan asibiti, wata goma sha ɗaya ke nan. Jiki garau, mutumin ne ba ya ciki. Shekara arba'in da huɗu muna tare, amma yanzu idan na shiga ɗakinsa sai ya cire hula ya ce, "Sannu, baiwar Allah, wa kike nema?"

Takarda kuma? Ka ba ni dariya. Da gani ba ka san makaɗan zamaninsu ba. Duk ɓarayin juna ne. Wanda ya gano sabon ɗauri, kafin wata ya zagayo ka ji shi a jitar kowa daga nan har Tulsa. Verlon idan aka tafi hutu a tsakiyar wasa sai ya sassauta tsirkiyoyi ya rufa mata zanen tebur na kicin ɗina. Wata rana a Abilene ya dawo ya tarar da wani ƙato kwance a ƙarƙashinta da tocila da fensir, ya kama takalminsa ya ja shi har bakin ƙofa. Mutumin da ya yi haka shi ne zai rubuta a takarda? Ni kaina na tambaye shi sau ɗaya, ya ce, "Ke da kike zuwa gyaran gashi ranar Alhamis? Ai gara in sa a rediyo."

Maganar libobi, gwiwarsa ta hagu ce ta sandare. Bututu ya faɗo masa a rijiyar mai a 1959. Idon sahun yana aiki, gwiwar ce ba ta lanƙwasa gefe, sai ya kwashe komai ya mayar dama. Sauran kuma rigimarsa ce kawai.

Kada ka kira ni a waya. Kunnena na dama ya mutu a gefen sifikar mutumin nan, na hagun ma yana kan hanya. Jita taka ce. Ka kwance ta ka mayar yadda littafinka ya ce, ko ka riƙa ɗora kofi a kai, oho. Ni dai ba na son ganin ta.

Ka gai da matarka, Allah ya ba ta haƙurin da za ta bukata.

Nelda Mabry

Brownwood
26 ga Afrilu

Mista Haskew,

Gaisuwa gare ka da mutan gida. Za ka yi mamakin ganin rubutuna, ni ma na yi. Ban iya roƙo ba, don haka ga maganar kai tsaye.

Ranar Lahadi bayan coci na kai wa Verlon abinci. Muna zaune, wata nas mai suna Ofelia ta kunna rediyo, aka sako wani tsohon kiɗa. Cokalina ya faɗi, na sunkuya in ɗauka, sai na ga ƙafarsa a ƙarƙashin tebur. Mista Haskew, ƙafar hagun tana takawa. Ta taka, ta karkata, ta ɗaga, gwiwar dama tana tura iska gefe da gefe. A sama kuwa fuska ba komai, yana kallon bango, miya a haɓa. Na zauna dirshan a ƙasa ni da tsufana ina kallo har kiɗan ya ƙare. Ofelia ta ce ai kullum haka yake yi, ita ta ɗauka ƙaiƙayi ke damun sa.

Na tare likita a hanya na gaya masa. Ya ce wani lokaci hannu da ƙafa suna riƙe abin da kai ya saki, kuma idan suka kama hanyar da suka sani sukan jawo wani abu su fito da shi. Bai yi mini alkawari ba, ni ma ban nema ba. Ba wani abu mai yawa nake so ba. So nake ya dube ni ya kira sunana sau ɗaya kafin ɗayanmu ya mutu, shi ke nan.

Ka ara mini jitar, ko na mako biyu ne. Na san abin da na rubuta maka a baya. Ina fata kana cikin mazan da ba sa jin maganar mace, ba ka taɓa cikinta ba.

Ina sauraren ka.

Nelda Mabry

Durant
9 ga Mayu, 1988

Zuwa ga Uwargida Nelda,

Gaisuwa da girmamawa. Takardarki ta kwana takwas a aljihun rigar aikina. Sau uku ina fara amsa ina yagawa, har Glenna ta ce idan ban rubuta yau ba ita za ta rubuta.

Na taɓa. Ranar Asabar da ta biyo bayan takardarki ta farko na kai ta shago, na kife ta a kan benci, na kwance sandunan nan ashirin da uku gaba ɗaya. Ban zana yadda suke ba, ban ɗauki hoto ba. Ni da nake yi wa ma'aikatana faɗa kullum a kan kada su kwance inji sai sun sa alama, ni ne na yi haka, don a raina na riga na yanke cewa shirme ne nake gyarawa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na zuba su a bokitin kananzir na wanke su tas. A jikin wasu akwai ɗigo-ɗigon jan fenti, irin na farcen mata. Na ɗauka datti ne, na kankare. Yanzu na gane alamarsa ce.

Na mayar da ita yadda littafi ya ce, na raba libobin hagu da dama, har na ƙara tsawon ƙafafu don na fi shi tsawo. Na yi ta murna. Na koyi kiɗa ɗaya da rabi, har na kaɗa wa Glenna ranar haihuwarta. Idan ya zauna a gabanta yanzu, duk inda ƙafarsa ta taka baƙuwar murya za ta amsa masa.

Kunya ta ishe ni, ban san da wane baki zan ba ki haƙuri ba. Amma idan kin yarda zan gwada mayar da ita. Ki aiko mini duk wani kaset da aka ɗauke shi yana kiɗa, da duk abin da kika tuna, ko da kina ganin ba shi da amfani.

Ki gafarce ni.

Doyle Haskew

Brownwood
16 ga Mayu

Doyle,

A tsaye na karanta takardarka bakin akwatin wasiƙa, na zazzage ka tas, har karen maƙwabci ya shige ƙarƙashin mota. Bokitin kananzir! Kai wane irin mutum ne? Jan farcen nan nawa ne. Shekara ashirin ina neman kwalabe ina zargin ƙanwata da sata, ashe yana cikin jita.

Da na gama zagin na shiga gida, sai na tuna wa ya ce maka ka kwance. To mu biyu ne, kada ka cinye laifin kai kaɗai.

Bari in gaya maka dalilin sayarwar, don ban gaya wa kowa ba. A watan Fabrairu na yi kwalliya na je, ranar da muka cika shekara arba'in da huɗu. Na sa rigar da yake so. Ya dube ni, ya ja hannun Ofelia ya yi mata raɗa, da ƙarfi kuma, don shi ma ba ya ji. Ya ce, "Wace ce wannan tsohuwar? Kullum sai ta zo ta zauna mini, ko ba ta da gida ne?" Na dawo na tarar da jitar a falo a rufe, ita ko ƙura bai taɓa bari ta hau ba. Ba zan iya dukan sa ba, sai na huce a kanta. Washegari na tura ta gareji, na kai talla jarida.

Ga abin da na sa maka a kwali. Kaset ɗaya ne, na bikin 'yar ƙanwata a 1974, rabinsa hayaniya ce da tari. A gefe na biyu akwai wani kiɗa mai sanyi da ya tsara da kansa, bai taɓa sa masa suna ba, da shi yake rufe kowane taro. Shi zai fara nema idan ya zauna, na san wannan. Ga wandonsa na kiɗa, ka duba gwiwar dama inda na yi faci sau huɗu, za ka ga daidai inda libobin suke gogar sa. Ga kuma takalminsa na hagu. Kada ka wanke shi da kananzir.

Ka yi sauri. Ya fara mantawa da yadda ake riƙe cokali.

Nelda

Durant
20 ga Yuni, 1988

Zuwa ga Uwargida Nelda,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da Mista Verlon kuna lafiya. Ki yi haƙuri da shirun, ban so in rubuta ba sai da abin faɗa.

Na rufe shago da rana tsaka kusan kullum na wata guda, manoma suna ta ƙorafi. Ga yadda na yi. Duk inda aka taɓa ɗaure noti a jikin ƙarfe yana barin ɗan tabo, kuma hudar da sanda ya daɗe a ciki takan ɗan buɗe baki. Na ari gilashin mai gyaran agogo na bi su ɗaya bayan ɗaya. Matsalar ita ce maigidanki bai taɓa barin jitar nan ta huta ba, a wani wurin tabo biyar ne a jere. Sai in ɗaura, in kunna kaset, in kaɗa, in kwance, in sake. Kaset ɗin ya tsinke sau biyu na liƙa shi. Glenna ta ce ko a coci ta rufe ido kiɗan nan take ji.

Wandon ya yi amfani fiye da yadda kike zato. Na cusa masa tsumma na zaunar da shi a kujera, na gwada libobin da facinki, suka zauna daram. Takalmin kuma ya nuna mini yadda yake karkata ƙafa, don gefen ciki ne ya cinye. Na rage ƙafafun jitar zuwa tsawonsa. Ni yanzu gwiwata ba ta ma shiga.

Ashirin da biyu na tabbata da su. Ɗaya ne ya gagare ni, na feda ta biyar. Tabo biyu ne kusa da juna, ko dai tsirkiya ta shida yake saukarwa ko ta bakwai. A kiɗan nan sau ɗaya tak yake taka ta, gab da ƙarshe, kuma daidai wurin wani ya fasa kwalba a bikin, mata suka yi ihu. Na saurara ya fi sau ɗari. Na zaɓi ta shida, na bar wa Allah.

Zan kawo ta ranar Asabar mai zuwa da safe, in kafa ta da hannuna. Ba maganar aro kuma, ta zauna a ɗakinsa.

Sai na zo.

Doyle

Brownwood
11 ga Yuli

Doyle,

Ina fata kun isa gida lafiya, kuma Glenna ta ji daɗin tuffan da na zuba mata. Na ga fuskarka ranar da ka kafa jitar, Verlon ya ƙi ko kallon ta, yana tambayar ka ko kai ne mai gyaran famfo. Ka yi tafiyar awa huɗu ka koma da wannan. Shi ya sa na ce dole in ba ka labari.

Kwana tara tana nan a kusurwa yana rataya mata tawul. Ranar Litinin da hantsi ina ninke masa kaya, sai na ji kujera ta ja. Ban juya ba, don tsoro. Na ji yana laluba aljihun akwati, inda zobban yatsa na kaɗa tsirkiya suke. Ya sa su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki ƙarfen da yake gogawa a kan tsirkiyoyi, ya hura masa iska ya goge a cinya yadda ya saba. Mutumin da ba ya iya ɓalla maɓallin rigarsa.

Ya kaɗa, Doyle. Kiɗan nan ne, kamar yadda na ce maka. Bai ɓata ba, ƙafar nan da gwiwa kowa ya san aikinsa. Ofelia ta tsaya a ƙofa da tire a hannu, tsofaffi suka fito a kan kekunansu suka cika hanya. Ni kuwa na rungume rigarsa ta barci ina kuka kamar wata yarinya. Ban taɓa jin daɗi da baƙin ciki sun haɗu mini a ƙirji haka ba.

Sai ya zo gab da ƙarshe ya taka ta biyar. Ko ni da kunne ɗaya na ji ba ita ba ce. Ya tsaya. Ya koma baya ya sake, haka. Ya sake na uku. Sai ya buga ƙarfen a kan tsirkiyoyi, fuska ta yi ja, ya tashi yana ta faɗa, har sai da Ofelia ta kira wani suka zaunar da shi. Bai ci abincin rana ba.

Tun daga ranar kullum sai ya zauna ya kaɗa, kullum kuma a nan yake tsayawa ya yi faɗan. Kada ka sa wa ranka damuwa. Ka yi abin da ba wanda zai iya, kuma na yafe maka kananzir.

Nelda

Durant
2 ga Agusta, 1988

Zuwa ga Uwargida Nelda,

Gaisuwa da fatan alheri. Tun da na karanta takardarki ban samu sukuni ba. Mutum ya kai shekarunsa, abu ɗaya ya rage masa a duniya, ni kuma na sa masa tuntuɓe a ciki kullum.

Na gano. Na kai kaset ɗin wurin wani abokina da ke da na'urar rage gudun sauti, muka bi wurin a hankali, ƙarƙashin ihun matan. Ta bakwai ce, kuma ba saukar da ita yake ba, ɗaga ta yake. Na yi kuskure biyu a sanda ɗaya. Aikin minti goma ne. Zan zo ranar Asabar ta sama in gyara, ya samu ya kai kiɗansa ƙarshe cikin kwanciyar hankali. Ki gaya wa nas Ofelia ta san da zuwana.

Glenna tana gaishe ki.

Doyle

Brownwood
6 ga Agusta

Doyle,

Gaisuwa gare ka da Glenna. Kada ka zo.

Ban gaya maka abin da yake faɗa ba idan ya tsaya. Juyowa yake ya dube ni cikin ido, ni ɗin nan, ya nuna ni da yatsa ya ce, "Nelda! Wa kika bari ya taɓa mini jita? Nelda, da ke nake magana!" Sai in ce ni ce, Verlon, ni na taɓa. Ya ce, "Shekara nawa ina gaya miki?" Mu yi ta yi kamar minti biyu. Sannan idon ya dushe, ya cire hula ya tambaye ni wa nake nema.

Na san yana shan wahala a minti biyun nan, ina gani da idona. Na san hakkinsa ne ya ƙarasa kiɗansa. Amma idan ya wuce wurin nan lafiya ba shi da dalilin juyowa.

Ka rubuta gyaran a takarda ka ajiye. Ranar da na iya zan aiko maka. Yanzu ban iya ba, Allah ya yafe mini.

Ka huta lafiya, ɗana.

Nelda